Yadda Ake Shirya Tafiyar Wuni Guda Daga Ngaundere Zuwa Ƙauyukan Masu Zuma

Duk wanda ya zauna a Ngaundere, ko ya taɓa ratsa ta a kan hanyarsa ta zuwa Garwa, ya san cewa zuma ba baƙuwa ba ce a garin. Ana jera ta cikin kwalabe a bakin tashar jirgin ƙasa, ana shigo da ita kasuwa cikin jarkoki, masu kwana a jirgi zuwa Yawunde kuma ba sa rasa saye domin tsaraba. Sai dai zumar da ta iso gari ta riga ta bi hannu uku ko huɗu, an juye ta wannan ƙauye a kan ta wancan, wani lokaci ma ta bana a kan ta bara, har ta koma abu guda mai zaƙi wanda ba mai iya cewa ga furen da ƙudan ya sha. A Faransa mutane kan ɗauki mota ta kansu su wuni a gonakin inabi na yankin Bordo suna ɗanɗana abin da ake tatsa a can. Mu abin da ƙasarmu ta ba mu, wanda kuma ya halatta gare mu, shi ne zuma, kuma ana iya yi mata irin wannan tafiya cikin wuni guda, a fita da asuba a dawo kafin magariba, muddin an tsara ta tun daga gida.

Abu na farko shi ne a san inda za a dosa. Ngaundal, da ke cikin gundumar Jerem, ita ce ta fi suna wajen zuma a duk jihar Adamawa ta Kamaru, kuma tana kan layin dogo, amma jirgin fasinja da dare yake tashi daga Ngaundere, don haka wanda ya nufe ta sai ya shirya kwana. Ga mai wuni guda, hanyar Maiganga ce ta dace. Kwalta ce, tsawonta kimanin kilomita 160 ne, tana bi ta Nyambaka kafin ta isa Maiganga, babban birnin gundumar Mbere, kuma a ƙauyukan da ke dama da hagu da ita akwai masu amya da yawa, akasarinsu Bayawa da Mbum. Ba dole ba ne a kai har Maiganga. Idan aka sami mai zuma a tsakiyar hanya ya fi, domin duk sa'ar da aka rage a cikin mota za a more ta a ƙarƙashin inuwa. Shawarata ita ce kada a wuce gida biyu, iyaka uku. Harshe yana gajiya da zaƙi fiye da yadda mutum yake zato, kuma wanda ya ce sai ya leƙa ƙauye biyar zai dawo da gajiya da ƙura, bai riƙe ɗanɗanon ko ɗaya ba.

Sai lokaci. Yawancin itatuwan dajinmu, irin su maje da ɗorawa da kaɗanya, da rani suke fure, shi ya sa babban ɗiban zuma yake faɗowa daga ƙarshen rani zuwa goshin damina, wato daga watan Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin hanyoyin burji a bushe suke, ƙaramar mota ma tana iya shiga. Da damina ta zauna, musamman a Agusta da Satumba, reshen hanya mai kilomita goma yana iya cinye rabin wuni. A guji ranar Juma'a saboda salla, a kuma tuna cewa da yawa daga cikin Bayawa Kiristoci ne, safiyar Lahadi suna majami'a, saboda haka tsakiyar mako ko Asabar ta fi wa kowa sauƙi.

Akwai wani abu da ya kamata a fahimta tun kafin a sa rana, domin shi ne ginshiƙin tafiyar baki ɗaya. Mai amyar gargajiya da dare yake ɗiba. Yakan hau itace da damin ciyawa mai hayaƙi bayan duhu ya yi, lokacin da ƙudan ya lafa, ya sauko da saƙa cikin bokiti ko kwano. Mai tafiyar wuni ba zai ga wannan aiki ba, kuma kada ya matsa a buɗe masa amya da rana tsaka don ya ɗauki hoto, domin ƙudan zuman ƙasarmu mafaɗaci ne, yana iya bin mutum da nisa, yana iya far wa yara da dabbobin ƙauye bayan baƙo ya shiga motarsa ya tafi. Abin da za a nema shi ne mai zuma ya ɗiba a daren da ya gabaci zuwanku, ya ajiye saƙar yadda take, kada ya matse ta, kada ya ɗora ta a wuta, kuma kada ya haɗa ta wannan wuri da ta wancan. Idan yana da amyoyi a bakin rafi da wasu a kan tudu, a roƙe shi ya raba su kwano daban-daban. Wanda bai yi wannan shiri ba zai tarar an riga an tace komai an zuba a jarka guda, ya sha wahalar hanya don abin da zai iya samu a kasuwa.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da ɗan jagora. Hanya mafi sauƙi ita ce ta wurin masu sayar da zuma a babbar kasuwar Ngaundere, domin kowannensu yana da ƙauyen da yake saro kaya, ko kuma ta wurin 'yan'uwa Hausawa mazauna Maiganga, waɗanda suka san wane ne mai amya na gaske, wane ne dillali mai jarka. Wasu 'yan kasuwa kan yi ɗari-ɗari, suna tsoron kada ka ƙwace musu hanyar ciniki. Ka fito musu a fili cewa na ci ne da tsaraba kake nema, ka biya ɗan jagoran ladan wuninsa. Ya zama mai jin Fillanci sosai, domin shi ne harshen ciniki a yawancin ƙauyukan, a nan ne za ka ji ana kiran zuma njumri. Idan yana jin Bayanci kuwa, faɗuwa ta zo daidai da zama. Kwana biyu kafin tafiya a buga waya a tabbatar, a kuma tura ɗan kafin alƙalami ta Orange Money ko MTN, don mai zuma ya san maganar ba ta fatar baki ba ce.

Batun mota ba ya buƙatar dogon bayani, amma a nan ake yawan samun saɓani. A ɗauki shata, kada a dogara da motar haya ta tasha, wadda ba za ta ratse daga kwalta ba, ba kuma za ta jira kowa ba. Kafin a biya ko dala, a yanke da direba a kan wa man fetur yake, wa zai biya kuɗin shingen hanya, wanda sefa 500 ne a kowane shinge, ko ya yarda ya shiga burji, da kuma cewa zai jira har la'asar ba tare da ƙorafi ba. A duba tayar safaya da ido, a tabbatar takardun mota da inshora sun cika, kowane fasinja kuma ya riƙe katin shaidarsa, saboda jandarmomi suna tsayar da motoci a hanya. Mutum huɗu da ɗan jagora sun isa. Idan ayari ya yi yawa sai ziyara ta koma biki, mai gida ya shiga neman kujeru da tunanin abin da zai dafa.

Kayan da za a ɗauka kaɗan ne, amma kowanne da aikinsa: ƙananan cokula da yawa, domin kada a mayar da wanda aka lasa cikin kwano, ƙananan kofunan gilashi irin na shayi masu haske, filas na ruwan ɗumi, burodi marar sukari, farin faranti, wuƙa mai tsabta, littafin rubutu, da sababbin robobi masu murfi ko kwalaben da aka wanke suka bushe sarai. A sa tufafi masu haske da dogon hannu, domin ƙudan ya fi kai hari ga baƙin abu. Turare kuma a bar shi a gida ranar, kowane iri ne, har da man shafawa mai ƙamshi. Na san wannan yana yi wa mutanenmu nauyi, maza da mata, amma turare yana jawo ƙudan, yana kuma toshe hancin duk wanda ke zaune kusa da kai. Wanda ya san jikinsa yana kumbura ko numfashinsa yana sarƙewa idan zuma ta harbe shi, ya tsaya a cikin ƙauye, kada ya bi masu zuwa gindin amya.

A tashi da an idar da sallar asuba. Ngaundere tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,100, da sassafe akwai sanyi ko da a watan Maris ne, don haka a riƙe rigar sanyi. Karin kumallo ya zama mai sauƙi, kunu ko burodi, ban da yaji, ban da shayi mai ɗaci, goro kuwa a haƙura da shi har sai an gama ɗanɗano. Ba da nisa da gari ba za a wuce mararrabar tafkin Tizon da magangarar ruwan Vina, to kada a tsaya da safe, a bar su sai a dawowa idan rana ta rage.

Da an isa ƙauye, gidan jauro, wato mai garin, ake fara zuwa, ko da mai zuma yana tsaye yana jira. A cire takalmi, a gaisa a tsanake, ɗan jagora ya faɗi su wane ne ku da abin da ya kawo ku, a miƙa ɗan goro da sukari da ganyen shayi ko sabulu. Wannan ladabi ne, kuma kariya ce, domin an sha fama da masu satar mutane don kuɗin fansa a wasu dazuzzukan Adamawa, kuma jauro ya fi kowa sanin wane daji ne ake shiga a wannan makon, wane ne ba a shiga. Idan ya ce kada a wuce rafi kaza, to magana ta ƙare. Mai zuma idan dattijo ne a kira shi Baba, idan tsara ne a ce Malam, a kuma nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, musamman matan gida.

Zuwa ganin amya ya fi kyau da hantsi kafin rana ta yi zafi. Za a gan su a rataye can sama a tsakanin rassa, dogaye kamar ganga, an saƙa su da tukurwa ko kara an lulluɓe da ciyawa saboda ruwan sama. Wasu masu kiwon sun koma amfani da akwatunan katako na zamani, waɗanda ake ɗora wa sanduna a jere, kowace sanda da saƙarta, ana ɗaga ta a duba a mayar ba tare da an rushe gidan ba. A tsaya nesa, ta gefe ko ta baya, kada a tare ƙofar da ƙudan ke shiga da fita, kada a ɗaga murya. Idan ɗaya ya zo yana zagaya kanka, kada ka kai masa duka, ka sunkuyar da kai ka ja da baya a hankali. Idan ya yi harbi, a kankare ƙarin da farce nan take a bar wurin, domin warin harbin yana kiran sauran. Wanda fuskarsa ta fara kumbura ko ƙirjinsa ya riƙe, a sa shi a mota a nufi asibiti mafi kusa ba tare da jiran komai ba. A wannan yawo ne ya kamata a yi tambayoyi: wane itace ne ya yi fure a watan jiya, wace amya ce ta fi cika, shekara nawa ta yi a wurin. Mai amya ya san dajinsa itace bayan itace, zai nuna maka malmo a bakin ruwa da baushe da namijin kaɗe a kan tudu, kuma abin da ya faɗa shi za ka rubuta a jikin kwalba daga baya.

Ɗanɗanon kansa a yi shi a cikin ɗaki ko zaure, ba a fili ba, domin ƙamshin buɗaɗɗiyar zuma yana tara ƙudan cikin mintuna kaɗan. A fara da duban saƙa. Wadda ta nuna ita ce wadda ƙudan ya toshe ramukanta da siririn murfin kaki, alamar ya gama busar da ita. Idan ramukan a buɗe suke, zumar tana tsiyaya kamar ruwa, ɗanya ce. Idan kuma aka ga 'ya'yan ƙudan farare a ciki, ko wani gari rawaya a danƙare, a yanke wannan ɓangaren a ware, domin shi ne ke sa zuma ta yi gurɓi idan aka matse su tare. Daga nan a yanki gutsure daga kowane kwano a sa a kofin gilashi, a jera su a kan farin faranti daga mai haske zuwa mai duhu, a kuma bi su a wannan jeri, saboda baƙar zuma tana da ƙarfi, idan ta riga shiga baki ba za a ji komai daga farar ba.

Kowace ɗaya a ɗaga ta a haske a dubi launinta, a riƙe kofin a tafin hannu ya ɗan yi ɗumi, sannan a shaƙa. Bayan haka a ɗebi abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, a ɗora a kan harshe, a rufe baki, a bar ta ta narke da kanta, ana fitar da numfashi ta hanci. Zaƙi ne zai fara zuwa, kuma zaƙi duk ɗaya ne, abin da ake jira shi ne wanda ke biyo bayansa. Wata za ta bar ƙamshin fure, wata ɗan ɗaci a can ƙarshen harshe, wata kuma ta ɗan yi kartar maƙogwaro. A kurɓi ruwan ɗumi, a ci loma ɗaya ta burodi, a ɗan dakata, sannan a wuce ta gaba. Kowa ya rubuta abin da ya ji kafin a fara magana, domin da Alhaji ya ce ta biyu ta fi, sauran duk za su ce ta biyu ta fi. Akwai aibi uku da ake saurare. Warin hayaƙi mai yawa yana nuna an cika wuta wajen ɗiba, kaɗan dai ba ya rasuwa a zumar gargajiya. Ɗanɗanon ƙonannen sukari yana nuna an dafa ta a tukunya don a raba ta da kaki. Tsami da kumfa kuwa alamar ta fara lalacewa ne.

Wannan na ƙarshe na koye shi da kunya. Tafiyata ta farko ban shirya da kowa ba, na tsaya a bakin hanya na sayi jarka guda mai arha, na ga tana zuba da sauƙi na ɗauka tacewa ce ta yi kyau. Na aika wa surukata rabi a Garwa. Ba a yi wata guda ba ta bugo waya, bayan doguwar gaisuwa ta ce, “Ɗana, wannan zumar taka numfashi take yi.” Zafin Garwa ya sa ta tsima, murfin ya kumbura, kumfa ta malalo a kan kwanukanta. Dalilin ruwa ne. Ma'aunin da aka yarda da shi a kasuwannin duniya shi ne kada ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin 100, idan ya haura haka sai ƙwayoyin yis da ke cikinta su farka su fara aiki. Akwai 'yar na'ura ta hannu da ake ɗiga zuma a kanta a leƙa a ga adadin ruwan, wanda zai sayi mai yawa ya nemi aronta. Gwaje-gwajen da aka saba yi a kasuwa, irin su tsoma ashana a kyasta, ko ɗiga zuma a ruwa, ko jiran a ga ko tururuwa za ta hau, ba sa tabbatar da komai game da algus. Ganin toshasshiyar saƙa da idonka ya fi su duka.

Tsimuwar zuma ta kawo mu ga wata magana. Bayawa suna da abin sha na gargajiya da ake kira kuri, wanda ake yi da zuma da ruwa a bar shi ya tsima, kuma yana bugarwa. A wurinsu karramawa ce a miƙa wa baƙo. Ɗan jagora ya sanar da mai gida tun a waya cewa baƙinsa Musulmi ne, don kada a kawo a mayar a ji kunya. Idan duk da haka an miƙo ƙwarya, a yi godiya da fara'a a ce ruwa ya wadatar, ba sai an yi wa'azi a gidan mutum ba. Abincin rana ma a taho da shi daga gida, a ci tare da mai gida bayan sallar azahar.

Wajen saye, a tambayi farashin lita a kasuwar Ngaundere kwana ɗaya kafin tafiya, don a san inda za a tsaya. Kada a yi tsammanin ragi mai yawa, tunda an sa mutum aikin da ba ya yi wa dillali, kuma wanda ya matse shi a ciniki ba zai sami irin wannan tarba a baɗi ba. Lita ɗaya ta nunanniyar zuma tana kai kimanin kilo 1.4, idan ta gaza haka sosai ruwa ya yi mata yawa. A sa a matse saƙar a gabanku, da hannu mai tsabta da rariya ko farin ƙyalle, ba tare da wuta ba, a zuba a robobin da kuka zo da su. Kada a karɓi jarkar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba, domin ta fetur da ta maganin feshi ba sa wankuwa, ta manja kuma tana barin wari. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, ba kowane ƙauye ke da layin waya ba, canjin jaka goma kuwa yana iya gagarar ƙauye guda. A nemi gutsuren saƙa a tafi wa yara da shi, kakin da ya rage ma abin saye ne ga mai bukata.

Da la'asar ta yi a yi sallama da jauro a kama hanya, ko hira ta yi daɗi. A ɗaure murafe da leda, a tsayar da robobin a but a tokare su, a nisanta su da jarkar mai. A gida a ajiye su a inuwa a rufe ruf, domin zuma tana jan danshi daga iska. Idan bayan wasu makonni wata ta daskare ta yi tsaki-tsaki, kada a zargi mai ita da zuba sukari, ɗabi'ar zuma ce, kuma sanyin Ngaundere yana gaggauta ta. Farar zumar Oku ta jihar Arewa maso Yamma, wadda aka yi wa rajistar kare suna a shekarar 2013, da kaurinta kamar man shanu ta yi fice. A tsoma kwalbar a ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, za ta saki. Mai ciwon sukari ya lasa da lissafi. Jariri kuma da bai cika shekara ɗaya ba, likitoci sun hana a ba shi zuma ko ɗigo, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta wadda hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna, don haka a faɗa wa kakanni wannan da lallashi tun kafin a miƙa musu tasu kwalbar. A jikin kowace roba a manna takarda da sunan ƙauye da watan ɗiba da itacen da mai amya ya ambata, kashegari kuma a buga masa waya a ce an sauka lafiya, a gaya masa wadda mutanen gida suka fi so.